A koya wa yaranmu gyaran XML ta hanyar da ta dace

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga nan Damagaram nake rubuto maka, abin ya dame ni ne. Kwanaki ƙanena yana gyaran sunayen unguwanni, su Birni da Sabon Gari, a fayil ɗin OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da kowa ke iya gyarawa, kasan taswirar tana fita da XML, wato tsarin rubuta bayanai cikin alamomi, sunan na zaune cikin v='...' ne, sai naga yana bi ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya kai kan sunan ƴan kasuwa ya rubuta shi 'yan kasuwa da waƙafin sama cikin ƙimar da aka rufe da irin wannan waƙafin, shikenan fayil ya ƙi buɗewa.

Nace masa zo ka gani da Haskell, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Can ba a taɓa tsohon bayani, XML ɗin kamar bishiya yake, fonkishan ɗinka (ɗan umarnin da ka rubuta) yana bin bishiyar reshe-reshe ya gina sabuwa, in ya tarar da k="name" ya canza ƙimar v, wato sunan, da fonkishan ɗin Map.adjust, sauran ya barsu yadda suke. xml-conduit kuma, kayan aikin Haskell na karanta XML da rubuta shi, shi da kansa yake maida alamar & zuwa & yadda XML ke so wajen rubutawa, kuma ɗ da ƙ ɗinmu basa lalacewa tunda UTF-8 ne, tsarin adana haruffa da ya san su.

Dan Allah malaman kwamfuta na garin nan su riƙa nuna wa yara wannan.

Naka,
mai karatu daga Zango, Damagaram