Wasiƙa daga Alabama: waƙar da ba ta da 'yan kallo

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da ƙannena. Yaya ƙafar taku? Ni ma lafiya lau, aikin asibiti ne dai da yawa, amma mun gode Allah.

Baba, na ga wani abu a nan da na san za ku fi kowa jin daɗinsa, ku da kuka yi shekaru kuna koya wa 'yan kwaya do-re-mi a allo. Wata abokiyar aikina ce ta kai ni taron waƙa a wata 'yar majami'a a ƙauye, can arewacin jihar Alabama a nan Amurka. An jera benci gefe huɗu suna fuskantar juna, masu tena, masu bes, masu alto da masu muryar sama, an bar fili a tsakiya. Ba ganga, ba fiyano, murya ce zalla, kuma da iyakar ƙarfi. Sai a kira sunan mutum ya fito tsakiya, ya faɗi lambar shafi, ya riƙa kaɗa hannu sama da ƙasa. Yarinya 'yar firamare ta ja waƙa, tsoho mai sanda ya biyo bayanta. Babu wurin 'yan kallo. Ina shiga aka miƙo mini littafi.

Sunan littafin The Sacred Harp, faɗinsa ya fi tsayinsa. B. F. White da E. J. King, mutanen jihar Jojiya, suka fitar da shi a 1844, an kuma yi ta sabunta shi, har da bugun 1991 da na 2025. Dabarar rubuta sauti da siffofi da ke cikinsa ta girme shi, tun 1801 William Little da William Smith suka buga ta. Kowane sauti da siffarsa: fa mai kusurwa uku, sol kewayayye, la mai kusurwa huɗu, mi kuma mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsininsa. Sunaye huɗu ne kacal, sai a hau da su haka: fa, sol, la, fa, sol, la, mi, fa. Manomin da bai yi zurfi a boko ba yana ganin siffa ya san tazarar da zai ɗaga murya. Kafin a shiga kalmomi sai an rera waƙar da sunayen sautin tukuna, kowane gefe da nasa, kuma ainihin karin yana hannun masu tena. Baƙaƙen fata ma suna da nasu littafin, wanda wani manomi, Judge Jackson, ya wallafa a garin Ozark na Alabama a 1934.

A ganina mun yi sake a gida da muka bar wa mutum ashirin masu inifom waƙa, sauran jama'a na zaune suna sauraro.

Kafin abincin rana sukan tsaya su karanta sunayen marasa lafiya da waɗanda suka rasu cikin shekarar, sannan a yi musu waƙa. Na rubuta sunan Kaka a takardar. Mai karantawa ta zo ta tambaye ni yadda ake faɗinsa don kada ta ɓata shi. Baba, kun san yadda rashin zuwa jana'izarta ya tsaya mini a rai. Ranar na yi kukan da ban samu yi ba, mutanen da ba su taɓa ganinta ba suna yi mata waƙa da gaske. Bayan nan aka shimfiɗa abinci a dogon tebur a waje, kowa da abin da ya dafo daga gida.

Na saya muku littafin, zan ba mai zuwa gida lokacin Kirsimeti. Ku gwada shi da 'yan kwaya, ku faɗa mini yadda masu bes suka yi. Kuɗin makarantar Auta na turo, a duba. A gaishe da Inna, da Kawu, da matan zumunta.

Taku,
'Yarku