Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Nuhu Ribadu Kan Bindigogin Da Ke Shigowa Ta Legas

Zuwa ga Malam Nuhu Ribadu,
Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana mai nauyi, ina rubuto maka ne daga Agege a jihar Legas, inda na shafe sama da shekara talatin ina sana'ar hatsi. Na zaɓi in yi maka magana da Hausa domin ka ji ni ba tare da tafinta ba, domin kuma mutanen da zancen ya fi shafa, wato masu gadi da direbobin manyan motoci da 'yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago, su san abin da aka faɗa da sunansu.

Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami wata muhawara ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburin mai shayin unguwarmu. Kusan kowane dare, da zarar wani ya buɗe wayarsa ya ga labarin harin da aka kai ƙauyensu a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, sai matasa su ce mafita ɗaya ce, a ba kowa izinin mallakar bindiga kamar yadda ake yi a Amurka. Ba su rasa madogara ba. Suna tuna kiran da Janar T. Y. Ɗanjuma ya yi a Jalingo cikin watan Maris na 2018 cewa jama'a su tashi su kare kansu, suna tuna sanarwar gwamnatin Zamfara ta watan Yunin 2022, zamanin Bello Matawalle, wadda ta nemi mutane su nemi lasisin riƙe makami, suna kuma ambaton ƙudirin da Sanata Ned Nwoko ya gabatar kan wannan batu. Ni dai ba na ganin laifin wanda aka kashe wa uwa ko aka sace wa ƙanwa in ya faɗi haka, domin jiki magayi. Sai dai ra'ayina ya saɓa da nasu, kuma zaman Legas ne ya koya mini dalili.

Dokar makamai da ƙasar nan ke aiki da ita tun 1959 aka yi ta, ta girmi 'yancin kai da shekara guda. Ta raba bindigogi gida-gida: akwai manyan makaman yaƙi waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai bindigogin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke bai wa mutum lasisin riƙewa, sannan akwai bindigar toka irin ta mafarauta wadda izininta ke fitowa daga kwamishinan 'yan sandan jiha. A shekarar 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ke nan ƙofar halal a rufe take ruf, amma bindiga ba ta daina yawa a hannun jama'a ba. Duk mai hankali zai gane cewa ta wata kafa take shigowa, kuma ɗaya daga cikin manyan kafofin nan tana nan kusa da mu, a bakin teku.

Mu mazauna Legas ba mu manta da watan Oktoban 2010 ba, lokacin da aka gano kwantena 13 maƙare da rokoki da gurneti da harsasai a tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗanda aka yi lodinsu daga Iran aka kuma rubuta a takarda cewa kayan gini ne. Ba mu manta da 2017 ba, shekarar da Hukumar Kwastam a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya ta yi kamu har sau huɗu na manyan bindigogi masu harsashin watsi: 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sai 1,100 da kuma 470 duk a cikin watan Satumba, jimilla 2,671, kuma akasarinsu daga Turkiyya aka ɗauko su. Kamun farko shi ya fi tsaya mini a rai, domin ba a cikin tashar aka yi shi ba. Kwantenar ta riga ta wuce duk wani bincike, an buga mata hatimi, ta hau titi, sai a wajejen Mile 2 wasu jami'ai masu sintiri suka tare ta. Da motar ta tsere musu a ranar nan, da babu wanda zai san da maganar sai ranar da aka fara jin ƙarar bindigogin a wata unguwa ko wani daji. A watan Yulin 2024 kuma aka sake bayyana kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga Turkiyya. Tambayar da kowane direban tirela a Apapa zai yi maka ita ce, in an kama waɗannan, nawa ne suka wuce?

Yallaɓai, a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne aikin ofishinka ya haɗu da na 'yan jarida. Mun saba da yadda ake yi. A shimfiɗa bindigogin a jere a ƙasa, a kira gidajen talabijin, babban jami'i ya ɗaga guda ɗaya sama domin kyamara ta ɗauka, a gurfanar da mutum biyu ko uku a zaune a ƙasa, a ce bincike na ci gaba. Washegari hoton ya cika shafukan farko na jaridu, ya zagaye Facebook da WhatsApp, bayan kwana uku wani labarin ya danne shi. Wanda ya biya kuɗin kayan a ƙasar waje, da bankin da kuɗin ya bi, da jami'in da ya sa hannu a takardar fita, da wanda zai karɓi kayan a ƙarshe, duk waɗannan ba su cika samun irin hayaniyar da ranar baje kolin ta samu ba. Shari'o'i sukan ɗauki shekaru a kotu, jama'a su gaji da bibiya, 'yan jarida su koma wani wajen. Laifin na ɓangare biyu ne, amma na gwamnati ya fi girma, domin ɗan jarida ba zai buga abin da aka kulle a durowa ba. Haka kuma lokacin da wasu suka yi ƙoƙarin bin diddigi, kamar shirin da Trust TV ta yi kan 'yan bindigar daji, abin da ya biyo baya a watan Agustan 2022 shi ne tarar naira miliyan 5 daga hukumar kula da kafofin watsa labarai. Wanda ya ga haka, gobe zai tsaya ne a ɗaukar hoton bindigogin da aka jera masa.

Kafa ta biyu kuwa ta cikin gida ce, kuma kai ka fi ni saninta, domin ɗan sanda ne kai kafin ka zama shugaban farko na hukumar EFCC. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne aka kasa gano inda suke daga rumbunan 'yan sanda, ciki har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da wasu alƙaluman rahoton, to amma ko da rabin rabi ne gaskiya, abin ya isa ya hana mutum barci. Kai da bakinka, a wajen lalata makamai sama da 2,400 a Abuja cikin watan Oktoban 2024, ka bayyana cewa da yawa daga cikin bindigogin da miyagu ke amfani da su asalinsu na gwamnati ne, kuma ɓata-garin jami'ai ne ke sayar da su. Ranar nan mun yaba maka, domin ba kasafai mai riƙe da kujera irin taka ke faɗin haka ba. Abin da muke jira shi ne sunaye da hukunci a bainar jama'a. Mu da muka ga daren 27 ga Janairun 2002, ranar da rumbun makaman barikin soja na Ikeja ya yi ta fashewa har mutane sama da dubu suka rasu, akasarinsu a cikin ruwan Oke-Afa suna gudun ceton rai, mun san cewa sakaci da ajiyar makami ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari in koma kan matasanmu na teburin shayi, in faɗi dalilin da ya sa nake roƙon kada gwamnati ta biye wa kiran a raba wa kowa bindiga. Legas gari ne da mutane suka cunkushe, kowane yare na ƙasar nan yana da unguwa ko kasuwa a cikinsa, kuma ƙaramar husuma tsakanin ɗan acaɓa da mai tafiya a ƙasa kan iya zama faɗan ƙabilanci kafin la'asar. Mun gani a Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, mun gani a Mile 12 a watan Maris na 2016 har gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar ta kuma sa dokar hana fita. Yawancin ɓarnar da aka yi a irin waɗannan rigingimu da adda da gora da fetur aka yi ta. A ƙaddara cewa kowane shago na da bindiga a ƙarƙashin kanta a ranakun nan. Sannan a tambayi kai, in aka buɗe ƙofar lasisi, wa zai samu? Mai kuɗi da ɗan siyasa da yaransa ne za su cika sharuɗɗa su biya abin da za a biya. Manomin Zurmi ko na Batsari, wanda da sunansa ake wannan kira, zai ci gaba da riƙe bindigar tokarsa yana fuskantar mai AK-47. Amurkar da ake misali da ita kuwa, 'yancin riƙe makami yana cikin tsarin mulkinta tun 1791, tana da 'yan sanda da kotuna masu ƙarfi, amma har yau harbe-harbe a makarantu da kasuwanni sun gagare ta.

Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da mu baƙi, wanda wayar hannu ta ninka shi. Kwanakin baya wani dattijo mai gadi da na sani, wanda ya kai shekara goma sha biyar yana tsaron layi ɗaya da tsohuwar bindigar farautarsa, da sanin masu gidajen da ke biyansa, wani yaro ya ɗauke shi bidiyo daga bene. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaya da rubutun cewa 'yan ta'adda sun shigo Legas. Sai da shugabannin Hausawan unguwar da masu gidajen suka yi ta kai-kawo kafin ƙura ta lafa, shi kuwa ya tattara kayansa ya koma gida, aikin ya tafi. A daidai lokacin kuma, 'yan bindiga na gaskiya suna fitowa a TikTok fuska a buɗe, suna nuna makamai da daman kuɗi, yara suna kallo kamar wasan kwaikwayo, wasu mawaƙan zamani su ma suna ƙawata bidiyoyinsu da bindiga kamar wata kwalliya. Wanda ya kamata a bi ta layin wayarsa a kamo yana nan yana tara mabiya, wanda bai ji ba bai gani ba ya rasa abincinsa.

Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 tana ƙarƙashin ofishinka, kuma a 2024 ta samu dokar da ta ba ta ƙarfi. Najeriya ma tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda ta wajabta sanya wa makamai alama da ajiye rajistarsu. Roƙona shi ne cibiyar ta riƙa fitar da bayani a kai a kai, wanda kowa zai iya dubawa, kan kowane kamu da aka yi: lambobin bindigogin, hukumar da ke ajiye da su, matakin da shari'a ta kai, da ranar da aka lalata su a gaban shaidu, domin kada bindigar da aka nuna mana a tashar jiragen ruwa ta Tin Can bana ta sake bayyana a dajin Rugu baɗi. A tabbatar na'urorin haska kwantena suna aiki dare da rana a Apapa da Tin Can da sabuwar tashar Lekki, a kuma hukunta jami'in da ya sa hannu kamar yadda za a hukunta mai kayan. Bayanin nan kada ya tsaya a Turanci, a karanta shi a rediyo da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin kasuwa, tunda masu ganin motsin kaya da idonsu, wato 'yan dako da direbobi da masu gadi, ba takardar manema labarai suke karantawa ba, kuma ba za su kawo rahoto ba sai sun tabbata ba za a mayar da su abin zargi ba.

Game da masu gadi kuwa, ina roƙon ofishinka ya zauna da gwamnatin jihar Legas da rundunar 'yan sanda da sarakunan Hausawan unguwanni, a yi musu rajista da katin shaida, a fayyace abin da doka ta yarda su riƙe da wanda ta hana. Mu 'yan kasuwa a shirye muke mu tara mutanenmu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba duk ranar da ka turo wakilai.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Agege, Legas.