Kumburin Ƙarƙashin Haɓa: Ba Kowanne Ne Na Aska Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin iyaye kan wani kumburi da ke fitowa a ƙarƙashin haɓa, wanda mutanenmu kan ɗauka kaluluwa ce, ko hangum, ko farkon maƙoƙo, alhali kuwa miyau ne ya saki hanyarsa ya taru a cikin nama.

Sanadin ɗan ƙanena na san wannan ciwo. Wata biyar yaron ya yi da wani ƙullutu mai laushi a gefen wuya, babu zafi, babu zazzaɓi, idan aka danna sai ya lotsa kamar ledar ruwa. Sau biyu wani mai kemis ya zuƙe shi da sirinji, ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen ƙwai ya fito, muka yi ta hamdala, amma kafin mako biyu ya sake cika. Da kakarsa ta fara zancen a kira wanzami, sai na nemi alfarmarta, muka nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina.

A can ne likita ya bayyana mana cewa manyan mabubbugan miyau shida ne, uku a kowane ɓangare: ta gaban kunne, da ta ƙarƙashin muƙamuƙi, da ta ƙarƙashin harshe. Idan ta ƙarƙashin harshe ta ji rauni ko hanyarta ta toshe, miyau kan riƙa tsiyaya yana taruwa, wani lokaci har ya ratsa tsokar ƙasan baki ya gangaro wuya. Likitoci na kiransa ranula, wato ɗan kwaɗo a harshen Latin, saboda idan ya tsaya a cikin baki yakan yi kama da cikin kwaɗo.

Binciken bai ba mu wahala ba. An ɗaga harshensa an duba, an sa shi ya haɗiyi miyau, tunda maƙoƙo kan motsa sama idan an haɗiya, wannan kuwa bai motsa ba, sannan aka yi masa sikanin, aka ɗebi ruwan aka gwada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin dawowar kumburin: wanda bututun ruwa ya fashe a tsakar gidansa, ko ya kwana yana kwasa da bokiti, da safe zai tarar da tafki. Shi ya sa aka cire mabubbugar da ke yoyon gaba ɗaya, ta cikin baki aka yi tiyatar, babu tabo a wuya, sauran biyar ɗin kuma sun wadatar da shi. Aska kuwa, a wurin da jijiyoyin jini da jijiyar da ke motsa leɓe suka ratsa, ganganci ce tsantsa, balle ma wani kumburin wuyan tarin fuka ne ko ciwon daji, waɗanda tsaga ba ta ƙara musu komai sai jinkiri.

Ina roƙon ka gayyato likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi wa masu karatu cikakken bayani a shafinku na lafiya.

Naka,
Wani mai karatu,
Ƙofar Sauri, Katsina.