Zuwa ga Uwata, a Amurka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta fara zuwa islamiyya.

Ranar Juma'a da muka sauko daga masallaci yayanki ya miƙo mini wayarsa. Na sa tabarau na duba, sai ga ki tsakiyar masu zanga-zanga, kin ɗaga kwali sama, kin yafa mayafin nan ruwan toka da gwaggonki ta sayo miki a Kantin Kwari. Ba don mayafin ba da na ce mai kama da ke ce. Tun ranar barcina bai zama barci ba.

Na san abin da za ki ce: ai Baba kai ka koya mana. Ban musa ba. Shekara 32 ina riƙe da alli, kuma a tsakar gidan nan na ba ku labarin yaran nan tara baƙar fata na garin Little Rock a Amurka da sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji a 1957 suka raka su makaranta. Sai dai rabin labarin na ba ku, rabin mai daɗin ji.

Kina tsammanin tausayi ne kawai ya motsa gwamnatin Amurka? Kunya ce ta kama ta, don tana da kishiya. Lokacin ana yaƙin cacar baki da Tarayyar Soviet, kowa na zawarcin ƙasashen Afirka da ke samun 'yanci, duk baƙar fatar da aka wulaƙanta a Alabama kuwa washegari Mosko ta yayata wa duniya. Tun a 1952 ma'aikatar shari'arsu ta rubuta wa Kotun Ƙoli cewa wariyar launin fata makami ce a hannun 'yan gurguzu. A 1957 wani gidan abinci a garin Dover na Amurka ya hana ministan kuɗin Ghana, Gbedemah, zama ya sha lemo, sai ga Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a wanke laifi. A 1961 aka yi wa jakadan Chadi irin haka a Maryland, yana kan hanyarsa ta miƙa wa Kennedy takardunsa. An ba su haƙuri saboda kowannensu da ƙasa a bayansa, kuma ana tsoron kada ƙasar ta koma ɗaya ɓangaren.

To ga rabin da na ɓoye. Wannan tsoron gurguzun da ya buɗe ƙofa, shi ne kuma sandar da aka riƙa dukan masu neman haƙƙi da ita. Paul Robeson, mawaƙi baƙar fata da duniya ta sani, an ƙwace fasfonsa a 1950, bai sake ganinsa ba sai 1958. Du Bois, marubuci mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, dattijo mai shekara 83, an sa masa ankwa an kai shi kotu a 1951, ƙarshe a Accra ya rasu a 1963, ana gobe babban gangamin neman haƙƙin baƙar fata na Washington. Shi kansa Martin Luther King, hukumar FBI ta riƙa sauraren wayarsa bisa zargin yana tare da 'yan kwaminisanci. Ba sai an kama mutum da laifi ba, suna kawai za a laƙaba masa.

Waɗannan fa 'yan ƙasa ne, Uwata, a can aka binne cibiyarsu. Ke me kike da shi? Bizar ɗalibi, takarda ɗaya da wani ma'aikaci zai soke yana shan shayi. Tarayyar Soviet ta wargaje tun 1991, babu kishiyar da za a ji kunyarta saboda ke, kuma babu wanda zai kira ki karin kumallo. Yanzu ba gurguzu ake cewa ba, an sami wasu sunayen, ke kuma ga sunanki ga mayafinki. Abin da nake gani in na rufe ido ke nan: an ƙwanƙwasa miki ƙofa da asuba, wayarki ta daina shiga, ni ina nan ban ma san wanda zan tambaya ba.

Don haka ban yarda ba. Ba don ɗaga kwali aka sayar da gonar bakin rafi ba. In kina jin ke jaruma ce, ki tuna akwai tsohuwar da ba ta iya cin abinci in kika yi kwana biyu ba ki kira ba.

Maganar da kika yaɓa mini har yau tana raina. Kin ce tsoro ya sa na janye. Ni ma na fita a zanga-zangar ɗalibai ta 1978, na ga waɗanda ba su koma gida ba, na kuma ga iyayensu. Na janye, e, shi ya sa kika samu uban da ya kai ki makaranta.

Ban ce abin da kike ƙi daidai ne ba. Da kin gani kin yi shiru a zuci, da ba 'yata ba ce. Ki karanta, ki rubuta, ki gama abin da ya kai ki, saura wata goma sha huɗu. Ki sa a cire hoton nan.

Yaji da kuka suna hannun matar da za ta taso ranar Laraba. Ki kira ni bayan la'asar ɗinmu, ni kaɗai, mahaifiyarki ba ta ga hoton ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifinki