Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Ajinku Na Asabar

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Mutan gida duk lafiya, Ummanka tana gaishe ka.

Tunda ba ka leƙo Gwammaja ba wannan makon, bari in ba ka amsa a rubuce. Ka ce ku 'yan fiziks na Jami'ar Bayero kun haɗa kanku kuna koya wa juna Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, babu malami, babu maki, kana tambaya ko ɓata lokaci ne. Ka ci gaba, ɗana. Na ji daɗin abin har zuciyata.

Littafinku ya ce jifa ya fi zuwa nesa idan aka ɗaga shi digiri 45. Haka ne, amma fa inda babu iska. Da zarar ka sa tirjiyar iska a lissafin, kusurwar sai ta sauko ƙasa da 45, kuma babu wata dabara guda da alƙalami zai warware ta nan take. Sai dai a bi dutsen taki-taki: ina yake yanzu, ina zai kai nan da ɗan ƙanƙanin lokaci, a maimaita sau dubbai. Masanin lissafi Leonhard Euler ya shimfiɗa wannan hanya tun ƙarni na 18, aikin ne ya fi ƙarfin hannu. Don irin wannan lissafi aka fito da yaren kwamfuta na Fortran a 1957, ku kuma ga Python a gabanku kyauta.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan. Kwamfuta ba ta san fiziks ba, abin da ka faɗa mata kawai take yi. Gwada hanyar Euler mai sauƙi a kan dutsen da aka rataya da zare yana lilo, za ka ga lilon yana ƙara faɗi shi kaɗai ba tare da an tura shi ba. Allah bai halicci irin wannan lilo ba, kuskuren taki ne yake taruwa. Saboda haka kafin ka taɓa madannai, ka yi ƙiyasi a takarda. Zare mai tsawon mita 1, idan lilon ƙarami ne, zuwa da dawowarsa kusan sakan 2 ne. In manhajarka ta ce 20, koma ka duba, wataƙila ka cakuɗa mita da santimita. Kada kuma ka kwafo layin da ba za ka iya yi wa na kusa da kai bayaninsa ba.

Wanda ba shi da kwamfuta, ja shi kusa ku yi da taka, ka bar shi ya buga da hannunsa. Ku riƙa tashi kafin magariba saboda 'yan matan da ke komawa cikin gari. Kada ajin ya cinye maka darussan jarrabawa.

Batun batirin da ka ce ba ya riƙe caji, na ba yayanka kuɗi, zai duba maka ranar Litinin. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.