Ni mai shiru-shiru ce, anya zan iya aikin lauya?

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce mai karatun lauya, ina aji huɗu a cikin shekara biyar da ake yi, gidanmu yana Tudun Wada a nan Kaduna. Tun ina ƙarama ake ce mini miskila, alhali ba girman kai ba ne, magana a cikin taro ce take yi mini nauyi.

Bayan sallar asuba nake karatu, ni kaɗai. Idan aka ba mu hukuncin wata kotu, sai na zauna na rubuta da hannuna abin da ya faru, abin da ake jayayya a kai, da hujjar da alƙali ya dogara da ita. Haka na bi Dokar Shaida ta 2011 sashe-sashe, haka na yi wa babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 mai magana kan haƙƙoƙin ɗan Adam. Aminiyata kuwa abu ba ya zama a kanta sai ta yi musu a kansa. Za ta tara mutum biyar a gindin bishiya su yi ta kace-nace, ta tashi ta gane. Ni in na zauna da su, ciwon kai nake tashi da shi. Amma lissafin rabon gado, wurina duk suke zuwa.

A jarrabawa ba ni da matsala, alhamdu lillahi. A kotun gwaji, inda mu ɗalibai muke kwaikwayon shari'a, nan ne nake jin jiki. Ni nake tsara wa ɓangarenmu hujjoji, amma da na miƙe na ce "ya mai shari'a" sai muryata ta kama rawa, abin da na sani sarai ya gudu.

Ga Makarantar Horas da Lauyoyi da ake shiga bayan digiri tana tafe, ko Bwari ta Abuja ko Bagauda ta Kano ko duk inda aka tura ni, kuma can rukuni-rukuni ake raba ɗalibai, a tashe ka ka yi bayani gaban jama'a. A Najeriya lauya yana iya tsayawa gaban alƙali, yana kuma iya zama a ofis yana rubuta yarjejeniya da takardun filaye, kuma nan zuciyata ta karkata. Baba kuwa burinsa ya gan ni a Babbar Kotu da baƙar riga ina kare mutane.

Anti, in tilasta wa kaina karatun taro ko da ba na ƙaruwa da shi? Wannan rawar murya tana barin mutum, ko hali ne? Kuma ta yaya zan fahimtar da Baba ba tare da ransa ya ɓaci ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

'Yarki,
daga Tudun Wada, Kaduna