Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni abin da muka gani a jikin Amita

Ƙanena, salamu alaikum.

Tambayarka ta iso ni, kuma tunda a gaban jama'a ka yi ta, a gabansu zan amsa maka. Cewa ka yi: "Yaya, wai me kuka gani ne a jikin tsohon nan, Amitabh Bachchan, da ba kwa gajiya da zancensa? Fina-finansa na da ai duk kanwar ja ce, a zalunci uba, yaro ya girma, ya ɗau fansa. Ku kuwa masoyansa, ko shirme ya yi sai ku ce gwaninta ce." Tuhuma biyu ke nan, ɗaya a kansa, ɗaya a kanmu. A ta farkon ban yarda da kai ba. A ta biyun kana da rabon gaskiya, kuma zan zo kanta.

Maimaita labari dai ban musa maka ba. Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda suka rubuta Zanjeer da Deewaar da Trishul da Shakti, sun yi ta sosa miki ɗaya, wato ɗan da aka raba shi da ubansa, ko dai an kashe uban, ko ya gudu, ko yana raye ya juya masa baya. Ko sunan ma ba su canza ba, Vijay ne a duka huɗun. To amma labari aikin marubuci ne. Abin da ake tambayar jarumi shi ne, bayan an miƙa masa takardar, me ya yi da idonsa da muryarsa da tsayuwarsa. A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau.

Kafin 1973 Rajesh Khanna ne ke riƙe da Indiya. Jarumin wancan lokaci mai murmushi ne, mai karkata kai, mai rera wa budurwa waƙa a kan tsauni. Amita ya shigo harkar a 1969 da Saat Hindustani, dogo, siriri, fuska ba walwala, yawancin fina-finansa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1971, a fim ɗin Reshma Aur Shera, bebe aka ba shi ya fito, shi da daga baya muryarsa ta zama jarinsa. Da Prakash Mehra zai yi Zanjeer, wanda ya fito a 1973, sai da manyan jarumai suka ƙi karɓa kafin abin ya faɗo kansa. A fim ɗin bai rera waƙa ko ɗaya ba. Akwai wurin da Pran, wanda ya fito a Sher Khan, ya shigo ofishin 'yan sanda da gadara zai zauna, Amita, wanda shi ne ɗan sandan, ya sa ƙafa ya ture kujerar, ya ce masa ya tsaya har sai an ce ya zauna. Pran tsohon hannu ne, ya daɗe yana cinye matasan jarumai a gaban kyamara, amma a wannan wurin idonka ba ya barin yaron. Ka tuna kuma halin da ƙasar take ciki: tsadar rayuwa, matasa ba aikin yi, yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a 1974, sannan dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa a watan Yunin 1975. Talaka ya shiga silima ya ga wani mai kama da shi da ya daina ba da haƙuri.

'Yan jarida suka sa masa laƙabin fusataccen matashi, laƙabin ya bi shi. Ni abin da ya kama ni a wasansa shi ne yadda yake danne fushin. Ihu da fasa kwalba kowane jarumi zai iya. Shi kuwa tukunya ce da aka rufe tana tafasa, murfin na rawa, kai mai kallo kana jiran lokacin da zai tashi, kuma sau da yawa ba ya tashin.

Ɗauki Deewaar na Yash Chopra, 1975. Amita ne Vijay. Tun yana yaro aka kama shi aka rubuta masa a hannu, rubutun da ba ya gogewa, cewa ubansa ɓarawo ne. Ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Bombay, inda 'yan daba ke karɓar kuɗi a hannun leburori duk ranar biya. Ya ƙi biya. Suna can suna nemansa a gari, ashe yana zaune a cikin sitonsu yana jiransu, ya miƙe ƙafa, igiyar dako a kafaɗa. Ya tashi a hankali, ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa ogansu makullin, ya ce ya ajiye a aljihu, daga nan zai ɗauka in ya gama. Faɗan da ya biyo baya faɗan fim ne irin na lokacin, ba zan ce maka ya fi na yanzu tsari ba. Abin da nake so ka gani yana bayan faɗan. Ya buɗe ƙofa ya fito, leburori na ta sowa, bai ɗaga hannu ba, bai kalli kowa ba. Ya taka yana tangaɗi har bakin famfo, ya sunkuyar da kai ruwa na zuba masa. Mutum ne da ya yi nasara bai ji daɗin komai ba, kuma tafiyarsa kaɗai ta gaya maka haka.

Gaba a fim ɗin ya yi kuɗi ta hanyar fasa-ƙwauri, har ya sayi benen da uwarsa ta yi dakon bulo lokacin gininsa. Ƙanensa kuma, Shashi Kapoor, ya zama ɗan sanda. Suka haɗu a ƙarƙashin gadar da suka kwana suna yara, ya lissafa wa ƙanen gidaje da mota da kuɗin banki, ya tambaye shi shi me yake da shi. Ƙanen ya ce yana da uwa. Wannan amsa ita ce ta fi kowace magana shahara a fim ɗin, kuma ba a bakin Amita take ba. Nauyinta daga fuskarsa ya zo, fuskar mutumin da ya tara duniya don mace ɗaya, aka gaya masa ta bi wani. Jarumin da ya iya karɓar magana haka, ya bar abokin wasansa ya ci wurin, shi nake kira gwani.

A shekarar dai aka saki Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Dharmendra ne mai surutu da barkwanci, Amjad Khan ne bos ɗin da kowa ke kwaikwayo. Amita, wanda ya fito a Jai, aka bar shi da shiru. Soyayyarsa da Radha, bazawarar da Jaya Bhaduri ta fito, kusan babu magana a cikinta. Da magariba yana zaune a bakin ɗaki yana hura ɗan abin busarsa na baki, ita tana saman bene cikin farin kaya tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya dube ta, ta dube shi, ta shige. Shi ke nan, kuma ya isa. A fim ɗin ne kuma ya je nema wa abokinsa aure, ya zauna gaban gwaggon yarinyar cikin ladabi yana jero mata aibobin angon, caca da shaye-shaye da rashin sana'a, da murya irin ta mai yabo, ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Wanda ya ce Amita faɗa kawai ya iya bai ga wannan ba, bai kuma ga Amar Akbar Anthony na 1977 ba, inda ya sha duka yana a buge, ya tsaya gaban madubi yana yi wa hotonsa faɗa, har ya manna wa madubin filasta a wurin ciwon.

Yanzu tuhumarka ta biyu, wadda take kanmu.

Ranar 26 ga Yulin 1982, ana ɗaukar Coolie a Bangalore, a wani faɗa da Puneet Issar, Amita ya faɗa kan gefen tebur ya ji mummunan rauni a ciki. Aka kai shi asibitin Breach Candy a Bombay, ya yi kwanaki rai a hannun Allah. Mutane suka yi dafifi a ƙofar asibitin, aka yi ta addu'a a masallatai da coci-coci da wuraren bautar Hindu, wasu suka ba da jininsu. Manmohan Desai, daraktan fim ɗin, ya tsara cewa jarumin zai mutu a ƙarshe, amma ya canza ya bar shi da rai, kuma da fim ɗin ya fito a 1983 an tsayar da hoto daidai wurin da ya ji ciwon, an rubuta wa masu kallo. A cikin jinin da aka ƙara masa ne ya ɗauki ciwon hanta, kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa kashi ɗaya cikin huɗu na hantarsa ne ke aiki. Har yau duk ranar Lahadi jama'a na taruwa a ƙofar gidansa da ke Juhu, ya fito ya ɗaga musu hannu. Wannan ƙauna ce ta gaske, ba na raina ta, domin ni ma ina cikin masu ita.

Sai dai ƙaunar nan ta cuce shi a wani gefen, kuma a nan ne kake da gaskiya. Daga lokacin masu kallo suka daina son ganin Vijay ko Jai ko Anthony, Amita kawai suke son gani, furodusoshi kuma suka ba su abin da suke so. Ganga Jamuna Saraswati na 1988, da Toofan da Jaadugar na 1989, fina-finai ne da aka gina don a tafa masa da ya shigo, babu komai a bayan shigowar. Da ya gwada wani abu dabam a Agneepath a 1990, ya shaƙe muryarsa ta koma ta tsohon ɗan daba, masoyansa ne suka fara yi masa bore, har aka sake ɗaukar muryar da irin wadda suka saba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, amma shi ya fara kawo masa lambar gwarzon jarumi ta ƙasa. Wato masu cewa sun fi kowa sonsa su suka ƙi shi ranar da ya yi aiki mafi wuya. A Kolkata har ɗakin bauta wasu suka yi masa da mutum-mutuminsa a ciki. Wannan wuce gona da iri ne, kuma wanda ya kai nan ya daina kallon wasa. Mrityudaata na 1997 fim ne mara kyau. Aag na Ram Gopal Varma, 2007, inda aka sake Sholay aka ba shi bos, bai kamata ya karɓa ba. Ina faɗin haka ba tare da sona ya ragu ba, don in ban iya ganin inda ya gaza ba, yabon da na yi wa Deewaar ba shi da daraja.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne abin da ya yi bayan ya faɗi. Kamfaninsa na ABCL ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1990, bashi ya yi masa katutu. Ya taka ya je wurin Yash Chopra ya nemi aiki, aka ba shi Mohabbatein a 2000, inda Shah Rukh Khan ne jarumi, shi kuma tsohon shugaban makaranta mai taurin kai. A shekarar ya karɓi gabatar da shirin kacici-kacici na Kaun Banega Crorepati a talabijin, lokacin da manyan jarumai ke ganin talabijin ƙasƙanci ne. Ya yarda ya tsufa a gaban jama'a, ya bar furfura a gemu, ya daina bin 'yan matan da ya haifa da rawa. Daga nan aka samu Black a 2005, da Paa a 2009, inda yana da shekara 67 ya fito a yaro mai cutar saurin tsufa, ɗansa na cikinsa Abhishek ya fito a ubansa. Black mutane sun fi yabawa, ni kuwa ina ganin ihu ya yi yawa a rabinsa na farko. Piku na Shoojit Sircar, 2015, shi ne nawa. Tsoho ne mai mita, ba shi da zance sai na bayan gida da ya ƙi fita, ya hana 'yarsa, Deepika Padukone, sakat, ya tilasta a kai shi Kolkata daga Delhi a mota. Babu faɗa, babu fansa, ga Irrfan Khan a gefe wanda ba a cinye shi a wasa. Duk da haka akwai wurin da tsohon ya hau keke shi kaɗai yana zagaya unguwannin garinsu, fuskarsa ta saki, sai ka gane duk mitar nan tsoron mutuwa ne da tsoron a bar shi shi kaɗai. Dabarar da ya yi aiki da ita a bakin famfo ita ce a kan keken, ya ɓoye abin a ciki ya bar ka ka tono da kanka. Agneepath da Black da Paa da Piku, lambar gwarzon jarumi ta ƙasa huɗu ke nan, kafin gwamnatin Indiya ta ba shi ta Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim a ƙasar, wadda ya karɓa a 2019.

In kana so ka gwada maganata, ka nemi Deewaar ka kalle shi a zama ɗaya. Ya kusa awa uku, kada ka tsallake, kada kuma ka dogara da guntayen da ake yankowa, domin shirunsa ba ya aiki sai ka san abin da ya gabace shi. Washegari ka kalli Piku. Shekara 40 ce tsakaninsu. Bayan nan ka zo mini da naka jarumin, amma kada ka kawo mini yawan kuɗin da fim ɗinsa ya tara ko yawan mabiyansa. Ka faɗa mini fim ɗaya, da wuri ɗaya a cikin fim ɗin, da abin da ya yi a wurin wanda ba marubuci ne ya rubuta masa ba. Zan nema in kalla, in kuma ba ka amsa a gaban jama'a kamar yadda na yi yanzu.

Ka gaida gida.

Yayanka.